Kwalayen da ke Kabad ɗin Madam Vera

Ran Lahadi bayan sujada na ji Rahila tana gaya muku wai gyaran tsohon hoto ya daina zama sana'a, tunda akwai abin da ake sawa a waya ya goge tabo ya zuba launi kafin shayi ya huce. Ban tanka ba a lokacin. Yau da kuka zo gaisuwa, ku ɗan zauna. Shekara arba'in da wani abu ina wannan aiki, daga Jos har nan Bronx, kuma mafi wuyarsa ba a kan kwamfuta yake ba. Yana wurin sanin abin da aka miƙo maka a hannu.

A wurin Malam Dauda na koya, wani mai hoto da ke da shago kusa da kasuwa a Jos. Sai da na shekara uku ina wanke tasoshi da haɗa ruwan wankin hoto kafin ya bar ni na taɓa dodon wani. Ku ba ku san dodo ba. Shi ne fim ɗin da aka wanke, wanda baƙi ke fitowa fari, fari ya fito baƙi, daga jikinsa ake buga hoto. Kayan aikinmu kaɗan ne: fensir da ake feƙewa da sanfefa har ya yi tsini kamar allura, ƙaramar wuƙa ta kankara, burushi mai laushi, da gilashin ƙara girma. Da fensirin nan muke cire wa amarya ƙuraje, ɗigo bayan ɗigo, sa'a biyu a kan kunci ɗaya. In hannunka ya zame, ka ɓata abin da ba shi da na biyu.

Wata rana Malam ya ɗauko wani ɗan naɗin tsohon fim na silima, bai fi kaurin babban yatsa ba, ya ce in biyo shi bayan shago da bokitin ruwa. Ya ƙyasta masa ashana ya jefa a bokitin. Na tsaya ina kallon abu yana ci a ƙarƙashin ruwa, yana tafasa, hayaƙi rawaya na tasowa. Ya ja ni baya ya ce, "Kar ka shaƙa. Sunansa naitiret. Da shi ake yin fim kafin a haife ka. In ya tsufa yana wari kamar ƙazamar safa, ya yi danƙo, ya koma gari. A lokacin ba ya ma buƙatar ashana, zafi kaɗai ya ishe shi." Daga ranar ban ƙara ganin irinsa ba sai bayan shekara talatin da wani abu.

Da na zo ƙasar nan na samu aiki a wani wurin wankin hoto a Manhattan, na daɗe a can. Sai kowa ya koma waya, aka rufe wurin. Wannan ce muguwar shekarata. Wata takwas ina tsaron ƙofa a wurin ajiye motoci, ina da shekara hamsin da tara, kafin na samu kusurwa a wani shagon aika kaya a unguwar Parkchester, nan Bronx, na kafa tebur. Masu zuwa wurina mutanenmu ne da maƙwabta. Wannan hoton aurenta ya manne da gilashi, wancan ubansa ya rasu kuma ɗan hoton fasfo kaɗai ya bari, yana so a ƙara masa girma kafin jana'iza.

Wata Jumma'a a tsakiyar watan Yuli, ana irin zafin nan da kwalta ke laushi, Hajiya Memuna ta shigo da kwali a rungume. Mutuniyar Zango ce ta Kumasi, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Hausarta ta can ce, mace da namiji duk "shi" ne, don haka zan faɗa muku maganarta da irin tamu.

Ta ce, "Baba mai hoto, tsohuwar da nake duba ce ta aiko ni. Wai da can tauraruwa ce. Tana so a fito mata da hotunan nan ta gani tun idonta na aiki."

Ina da layin mutane, ban buɗe ba. An naɗe kwalin da leda an ɗaure da salatif. Na tafi da shi gida, na ajiye a kan tebur a ɗakin baya, wanda taga ke kallon yamma kuma babu na'urar sanyi. Nan ya kwana, nan ya wuni. A ɗakin ne jikarmu ke barcin rana in uwarta na wurin aiki.

Ran Asabar wajen ƙarfe uku na shiga da almakashi. Rana na dukan kwalin kai tsaye, ledar ta yi zafi a hannuna. Ina yanka ta warin ya buge ni. Ban tsaya tunani ba, hancina ya riga ni ganewa. Na zaro ambulan ɗaya a hankali. Manyan dodanni ne masu faɗin tafin hannu biyu, sun yi rawaya kamar man shanu, na tsakiya sun manne da juna. A gefen na farko, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta sunan da Malam Dauda ya gaya mini. Yarinyar na barci taku uku daga inda nake tsaye.

Na fita na ce wa matata, "Saratu, ɗauki yarinyar nan ku sauka ƙasa. Kar ki kunna murhu."

"Lafiya?"

"Ki dai ɗauke ta."

Ta dubi fuskata, ba ta ƙara tambaya ba. Na ɗauko kular da muke kai lemo coci, na jera gorunan ruwa masu ƙanƙara a ƙasa, na shimfiɗa tawul, na ɗora kwalin, ban rufe murfin ruf ba. Jirgin ƙasa ba zai yiwu ba, bas ba zai yiwu ba. Da ƙafa na nufi coci, saboda akwai filin siminti a baya da tsohon duro na ƙarfe. Tafiyar minti ashirin ce. Na wuce yara suna wasa da ruwan famfon kashe gobara, na wuce wani yana gasa nama a bakin titi, na tsallaka ɗaya gefen. Wani ya jefar da guntun sigari ya faɗi kusa da takalmina. Hannuwana biyu a ƙarƙashin kular, ina tafiya kamar mai ɗauke da kwano cike da miya. Da na sa ta a cikin duron a inuwa, sai na zauna a ƙasa.

Daga nan na kira Memuna na ce, "Hajiya, kwalin nan shi kaɗai ne?"

Ta yi dariya. "Ina fa. Akwai irinsa sun fi ashirin a kabad."

Ban koma gida ba, na wuce gidan tsohuwar a Manhattan. Tsohon gini ne mai hawa goma sha biyu, lif ɗaya ne kuma yana tafiya a hankali. Madam Vera, tsohuwar da Memuna ke duba, na hawa na tara. A hanya na haɗu da wani tsoho yana tura keken da ake dogarawa, da wata mai jariri a goye a gaba. Na lura matakalar gudun gobara guda ce, a ƙarshen baranda.

Tun daga ƙofa na ji warin. Madam da Memuna sun saba da shi, sun ɗauka na tsufan gida ne. Kabad ɗin na jikin bangon kicin, murhun gas na bayansa daidai. Na dafa bangon ciki, da ɗumi. Kwalaye jere har rufi.

Madam Vera na zaune a kujera kusa da taga, ta haura tamanin da biyar, jan baki a leɓe, gashi a gyare. Ta juya mini gefen fuskarta na hagu, wanda ya fi fitowa da kyau a hoto, daga baya na gane kowa haka take yi masa. Sigari na ci a hannunta.

Na gaishe ta da Turanci na ce, "Madam, don Allah ki kashe wannan."

"A gidana?"

"A gidanki. Zan yi bayani, amma ki fara kashewa."

Ta kashe, tana kallona. Na gaya mata abin da ke cikin kabad ɗinta, da cewa dole a kira masu kashe gobara su kwashe. Ta ce, "Shekara sittin suna tare da ni, ba su taɓa cin kowa ba. Ka san abin da ke ciki?"

Sai ta ba ni labari, a tsaye nake saurare. Tana da shekara goma sha bakwai ta baro wani ƙaramin gari da jaka ɗaya, bayan an gama yaƙin duniya na biyu. Wani mai hoto ya gan ta tana sayar da tikiti ya ce ta zo. Ta fito a kalanda, a bangon mujallu, a tallar safa da sabulu da kayan wanka. Ta ce akwai lokacin da ba gareji a ƙasar nan da ba a liƙa ta a bango ba. Ta tafi California yin fim, ta shekara shida tana tsayawa a bayan manyan taurari riƙe da faranti ko tana murmushi a bakin ƙofa, sunanta ba ya ko fitowa a jerin sunaye. Ta dawo tana da shekara ashirin da tara, aka ce ta tsufa. Sauran rayuwarta turare ta sayar a wani babban kanti. Aure biyu, babu ɗa. Mujallun sun ɓace a ƙaura. Ranar da mai hoton nan ya rufe shagonsa zai zubar da dodannin, ita ta je da tasi ta kwaso.

Ta ce, "In ka kwashe waɗannan, ni tsohuwa ce kawai mai ƙaryar da can ita wata ce."

Na yanko wani ɗan siriri daga gefen wanda ya riga ya lalace, bai kai farce ba. Na kai ta bayan gida, can nesa da kabad, na buɗe taga, na riƙe shi da hantsaki a kan kwamin wanke hannu na kusanto da ashana. Wutar ta yi tsalle sama da tsawon hannuna, ta cinye shi kafin in ƙifta ido. Memuna ta yi salati a hankali.

Madam ta ce, "Kwana nawa za ka yi ka kwafe su?"

"Mako guda, in na zo kullum."

"To, ka ba ni mako guda. Bayan nan ka kira wanda ka ga dama."

Na yarda. Wannan ne kuskuren da nake so ku ji da kyau. Ranar ya kamata in kira. Akwai mutane sama da ƙasa da mu da ba wanda ya tambaye su, kuma ni na yanke musu hukunci saboda tsohuwa ta dube ni.

Muka kwashe kwalayen ɗaya ɗaya zuwa bahon wanka, don nan ne ya fi sanyi. Muka ciro na'urar sanyi daga ɗakin barcinta muka karkato ta wajen. Aka daina kunna murhu, Memuna na kawo abinci daga waje. Sigari da ashana na sa a aljihuna na tafi da su.

Ga yadda ake aikin. Ba a sa irin wannan a sikana, wato na'urar kwafe hoto, fitilarta na ɗumi. Na kawo teburin haske mai fitilar da ba ta zafi, na kafa kyamara a kai tana kallon ƙasa. Safar hannu, takunkumi, taga a buɗe. Ambulan ɗaya kawai ke fitowa daga baho a lokaci guda. Ba ƙarfe, ba gogawa. Wanda ya manne, ka bar shi, ko da kana hango fuska a ciki. Ka ɗora, ka daidaita, ka ɗauka, ka mayar. Kafin azahar idona ya yi ja, kaina na sarawa. Duk sanda na'urar sanyin ta canja ƙara sai in tsaya da numfashi in saurara. Rana ta uku wutar lantarki ta ɗauke na kamar minti goma, na tsaya a ƙofar bayan gidan ina jin ɗakin na ɗumama, ina lissafa yadda ni da Memuna za mu sauko da tsohuwa hawa tara a hannu.

A ƙarƙashin gilashin ƙara girma na ga aikin wani da ya riga ni. Ɗigon fensir a ƙarƙashin ido, kankarar wuƙa a ƙugu inda aka rage mata kamar yatsa biyu. Hannu ne mai kyau ƙwarai, irin aikin da Malam Dauda ya koya mini, ba bambanci. Na gaya mata. Ta ce, "Wata mata ce a ɗakin bayan shagon mai hoton, ban taɓa sanin sunanta ba. Ita ta yi rabin kyawuna."

Rana ta biyar, wajen sha ɗaya na safe, Memuna ta sauka karɓo magani. Ina kan tebur na ji wani ƙara daga falo, ƙwas, ƙwas, kamar ana bugun murfin gwangwani. Na leƙa.

Madam na zaune da wani faffaɗan gwangwani mai tsatsa a cinya, irin na naɗin fim ɗin silima. A ƙarƙashin gadonta yake, ba ta taɓa ambata shi ba. Ta cusa wuƙar shafa bota a bakin murfin tana dukan ƙotar da tafin hannu. Wani gari ja-ja na zubowa daga gefen yana taruwa a siket ɗinta. Wannan garin shi ne matakin ƙarshe. Gogar ƙarfe da ƙarfe kaɗai na iya tayar da shi, kuma naɗi ne cikakke, ba ɗan yanki ba.

Ban yi ihu ba, don in ta firgita zai faɗi. Na ce, "Madam, tsaya haka. Kar ki zare wuƙar, kar ki tura."

"Ya kusa buɗewa. Wannan ne kaɗai fim ɗin da na yi magana a ciki."

"Na ji. Ki ɗaga hannuwanki sama, ki bar mini shi."

"Za ka kwafe shi?"

Na san amsar. Abin da ke ciki ya riga ya zama dunƙule. Da na ce eh da ta saki nan take, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Babu abin da ya rage a ciki, Madam. Ki dubi siket ɗinki. Shi ne wannan."

Ta duba. Hannunta na kan ƙotar wuƙar, ina kallon bakin wuƙar na motsi a jikin tsatsar. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na ji lif ya tsaya, na ji jaririn maƙwabta na kuka ta bango. Sannan ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Na yafa tawul a hannuwana na ɗauke gwangwanin a kwance yadda yake, da wuƙar a jiki, na kai baho na ajiye. Na fito na rufe ƙofa na kira masu kashe gobara a tsaye a wurin.

Sun fitar da mutanen hawa uku. Wasu sun zo da rigunan kariya da duro na musamman, na kuma gaya musu na bayan coci suka aika a ɗauko. Babbansu ya ja ni gefe ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce kwana biyar. Ya daɗe yana kallona, ya faɗi abin da ya faɗa, ban musa ko kalma ɗaya ba. A ƙasa maƙwabta na tsaye a bakin titi cikin rana, mai jaririn nan na cikinsu. Madam na kan keken guragu da bargo a cinya, don sun karɓe siket ɗin ma. Kwalaye bakwai ban kai gare su ba. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Mako uku ina gyara waɗanda na ɗauka. Nan ne kwamfutar da kuke magana ta shigo, kuma ko a nan sai ka san abin da za ka bari. Inda danƙo ya cinye rabin fuska ban ƙirƙiro mata wata ba. Na buga guda sittin a takarda mai kyau na sa a kwali sabo. Memuna ta ce in zo, amma ba ta yi alkawarin za a yi mini magana ba.

Madam ta karɓa ba gaisuwa. Ta sa tabarau tana ɗagawa ɗaya ɗaya. Yarinya a kan yashi da laima, yarinya da doguwar safar hannu tana waige. Da ta ɗaga wani ta ce, "Sanyi ake yi ranar nan, leɓena har ya yi shuɗi." Wani ta kife shi ba bayani. Da ta gama ta jera su daidai a cinya ta ɗora hannu a kai.

Memuna ce ta yi tambayar da ni ban iya yi ba. "Madam, me kika ce a fim ɗin nan na gwangwani?"

Madam ta dube mu. Sai ta ce a miƙo mata sandarta. Ta tashi da kyar, ta taka har ƙofar falo, ta juya mana baya. Ta jingine sandar a bango. Da ta juyo, kafaɗunta sun miƙe, haɓarta ta ɗaga, hannu ɗaya a jikin ƙofa. Ta yi taku biyu ba sanda, ta kalli wani wuri sama da kaina, ta ce da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba, "Ranka ya daɗe, motarka ta iso."

Muka jira sauran.

Memuna ta ce, "Shi ke nan?"

Madam ta lalubi sandarta, na tare ta a gwiwar hannu. Tana haki ta ce, "Shi ke nan. Amma da kin ga rigar da na sa."